Kakkarwar injin a-kori-kura: a gano cutar kafin a sauke inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata matsala da ke cin dukiyar masu a-kori-kura a ƙasar nan, wato kakkarwar da inji ke yi idan mota tana tsaye a silo, da kuma yadda wasu kanikawa ke gaggawar yanke hukunci a kanta ba tare da bincike ba. Ni ba bakanike ba ne, manomi ne da ke ɗaukar tumatir da albasa daga Kura zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano da wata Toyota Hilux mai injin fetur na lita 2.7 da silinda huɗu, kuma da wannan mota nake ciyar da iyalina.

A hunturun bara motar ta fara rawa duk lokacin da na tsaya a danja. Sitiyari yana kaɗawa a hannuna, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka, salansa kuma tana wani tari lokaci zuwa lokaci, amma da zarar na taka totur sai abin ya lafa. Bakaniken farko da na kai wa ya wanke fulogogi da fetur ya mayar, ya ce in tafi, kwana biyu kakkarwar ta dawo. Na biyu ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce zoben fistin da ke cikin inji ne ya cinye, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa ribar kakar gaba ɗaya, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur kaɗai ya ishe mu.

Wani dattijon bakanike ne ya cece ni, kuma yadda ya yi aikin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da farko ya bar injin ya yi zafi, domin injin da ke da sanyi silonsa yana hawa da kansa, yana iya ɓoye matsala. Ya ce mini lafiyayyen inji irin wannan, idan ya yi zafi, ya kamata ya zauna tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti ɗaya ba tare da allurar tana yawo ba. Daga nan ya raba tambayar gida biyu: shin injin ne ke mis, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ko kuwa injin lafiyarsa ƙalau, robobin da yake zaune a kansu, waɗanda ake kira injin sit, su ne suka mutu har suke isar da girgizar ga jikin mota? Idan injin sit ne, allura tana nan daram, ƙarar injin ba ta canzawa, sai dai girgizar ta ƙaru ko ta ragu idan aka sa giya ko ribas, kuma za a ga injin yana tsalle idan aka taka totur. Tawa allurar tana rawa, saboda haka ya san cewa cutar tana cikin ƙonewar mai.

Sai ya sa hannu ya zare soket ɗin nozul, wato abin da ke fesa mai, na silinda ta ɗaya yayin da injin ke aiki. Nan take injin ya ƙara shaƙewa kamar zai mutu, alamar cewa wannan silinda tana aikinta. Ya mayar, ya zare na biyu, haka aka yi. Da ya zare na uku, babu abin da ya canza ko kaɗan. Ya ɗago kai ya ce mini, "Alhaji, ga marar lafiyar nan." Amma bai ce in sayo komai ba tukuna. Ya ciro kwayil ɗin silinda ta uku, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya musanya shi da na ta ɗaya, ya sake gwajin, sai ga matsalar ta bi kwayil ɗin ta koma ta ɗaya. Da fulogi ne ko nozul ko bawul, da matsalar ta tsaya inda take. Yaronsa ya jona ƙaramar na'urar gwaji a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lambar P0303 da kwamfutar motar ta adana tun kafin a musanya kwayil ɗin, wadda ma'anarta mis a silinda ta uku, kamar yadda P0300 ke nufin mis da ke yawo tsakanin silindodi, P0171 kuma ke nufin iska ta yi wa mai yawa. Irin wannan soket ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, kuma yawancin motocin da suka shigo mana daga baya suna da shi, amma gareji nawa ne a garuruwanmu ke da na'urar?

Bayan an sa sabon kwayil, saura wata 'yar rawa kaɗan. Dattijon ya kasa kunne kusa da inda iska ke shiga inji, ya bi tiyo-tiyon da yatsa har ya kai ga wani siriri da zafi ya busar ya tsage, yana tsotsar iska. Ya bayyana mini cewa a silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da ke shiga kaɗan ce, don haka 'yar iskar da ta saci hanya ta tsagar, wadda kwamfutar motar ba ta lissafa da ita ba, tana isa ta ɓata ma'aunin mai da iska, alhali idan an taka totur sai ta ɓace cikin iska mai yawa. Ya canza tiyon, ya wanke baƙin dattin da ya taru a bakin totur, ya canza matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, injin ya koma yana numfashi sumul.

Na san akwai lokacin da zobe ko bawul ko gasket ke lalacewa da gaske, kuma a lokacin babu makawa sai an buɗe inji. Amma akwai agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna matsin kowace silinda, kuma bai kamata a kwance inji ba sai wannan agogo ya nuna cewa wata silinda ta yi ƙasa da 'yan uwanta ƙwarai. Haka nan mai kansa yana iya zama sanadi, kamar yadda muka gani a watan Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, balle man bumburutu da ake haɗawa da abin da Allah kaɗai ya sani. Masu injin dizal kuwa su fara duba ruwa a matatar mai da iskar da ke shiga bututun mai kafin a taɓa nozul ko famfo. Jinkiri ma yana da nasa hasarar, domin man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa ya ƙona matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi, wadda tsadarta ta ninka ta kwayil sau da yawa.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a jihohinmu da su taimaka wa gareji-gareji su mallaki na'urar gwaji da agogon auna matsi ko da ta hanyar karo-karo ne, su kuma koya wa yaran da ke koyon aiki wannan tsari na bin matsala daga mai arha zuwa mai tsada. Ku kuma, ranka ya daɗe, da za ku ware shafi ɗaya a mako inda ƙwararren bakanike zai riƙa amsa tambayoyin direbobi da Hausa, da mu masu a-kori-kura mun amfana ƙwarai.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kura, Jihar Kano.