Zuwa ga aminina a Agadas

Assalamu alaikum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Jos sai godiya, sanyi ne dai ya sa mu a gaba.

Saƙonka ya iso, na kuwa sha dariya. Wato shekara da shekaru kana sayen kuza daga duwatsun Ayar, sai yanzu da ɗanka zai yi jawabi da Ingilishi a makaranta furta sunanta na Ingilishi, wato cassiterite, ya gagare ku!

Cassiterite gaɓa huɗu gare ta. Ƙamus yana raba ta cas-sit-er-ite, amma wannan rabon alƙalami ne. A baki ka-SI-ta-rait za a ce. A danna gaɓa ta biyu, ta farko da ta uku kuwa a wuce su sama-sama. Ku da Faransanci ya riga ya zauna a bakinku kasiterit kuke cewa, don haka ya kula da wutsiyar: rait ce, ba rit ba.

Inda mu Hausawa muke tuntuɓe shi ne wajen s ɗin nan biyu. Idonmu ya saba, in mun ga baƙi biyu a jere sai mu riƙe shi, kamar a hassada ko kassara. Bature kuwa ya rubuta biyu ya furta ɗaya. Sannan harshenmu ba ya son gaɓa irin rait, mai tagwan wasali da baƙi a bayansa, sai ya nemi liƙa mata i, yadda kakanninmu suka yi da kalmar bucket har muka sami bokiti. Tsofaffin ma'aikatan haƙa a Bukuru da Barikin Ladi ba su taɓa wahalar da kansu ba, kuza kawai suke cewa, kuma ni a ganina sun fi mu hutawa.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, kassiteros, sunan ƙarfen da ake narkowa daga kuzar. In yaron ya kama furucin wutsiyar nan, columbite, sunan wani ma'adinin, ita ma ta zo masa da sauƙi: ka-LAM-bait. Sai dai kada ya saki jiki, don granite ta ƙi bin 'yan'uwanta, GRA-nit ake ce mata.

Ka sa shi ya turo mini muryarsa ta WhatsApp in saurara kafin ranar. Ka gaida Hajiya da yara. Cukun da ka yi mini alkawari tun bara har yau ina zuba ido.

Naka har kullum,
Amininka na Jos