Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Sunan Jariri

Sakkwato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina taya ka murnar samun ƙaruwa. Allah ya raya yaron bisa sunna, ya ƙara wa mai jego lafiya. Na ga saƙonka cewa an raɗa masa Usman, sunan marigayi Baba, kuma uwargida tana tambayar yadda za ta riƙa kiransa, tunda bakinta ba zai iya ambaton sunan surukinta ba. Wannan tambaya ta faranta mini rai ƙwarai, domin ta nuna zaman Ingila bai raba gidanka da alkunya ba.

Amsar ba ta da nisa. A nan Sakkwato wanda aka yanka wa rago da sunan Usman yawanci Shehu ake kiransa, saboda girmama Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817 kuma yake kwance a Hubbare. Ta haka marigayi Shugaba Shagari ya zama Shehu, domin Usman ne sunansa na yanka, Shagari kuwa garinsu ne. Sakaya suna tsohuwar hanya ce a wurinmu: Abubakar ya koma Garba ko Atiku, Umaru ya koma Sanda, Hauwa'u ta koma Kulu, A'ishatu ta koma Indo. Atiku daga Larabci yake, laƙabin Sayyidina Abubakar ne. Wasu kuma daga Fulatanci suka shigo mana har muka manta baƙi ne. Fodiyo malami ke nan, Dikko ɗan fari, Sambo mai bi masa, Bello kuwa mataimaki, sunan da ya dace da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan birni a 1809 yana dafa wa mahaifinsa.

Amma inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne sunayen rana, waɗanda kakanni da gwaggwanni ke laƙaba wa yaro ba tare da an kira liman ba. Kowannensu labari ne na halin da gida ke ciki ranar haihuwa. Idan ka ji Tanko, ka san mata ne suka riga shi; idan ka ji Kande, maza ta biyo; Gambo ya zo bayan tagwaye, Cindo yana da yatsa na shida, Tasallah ranar salla ta faɗo, Anaruwa kuwa ana tsuga ruwan sama.

Waɗanda suka fi taɓa mini zuciya su ne sunayen 'ya'yan wabi. Ka tuna tsohuwar nan mai sayar da fura a bakin lungunmu, wadda kowa ke kira Ajuji? Sai da na girma na san cewa uwarta ta binne 'ya'ya a jere kafin ita, don haka da aka haife ta aka naɗe ta a zane aka ajiye a kan juji, wata maƙwabciya ta ɗauko ta, wai don a nuna ba a damu da ita ba ko za ta tsaya. Wannan al'ada ba ta tsaya ga talaka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda ya yi sarauta daga 1996 zuwa 2006, ma'anar sunansa da Fulatanci bawa, kuma an sa masa shi ne saboda 'ya'yan da aka haifa kafinsa sun rasu. Malamai sun yi gaskiya da suka ce suna ba ya hana ajali, kuma ba na goyon bayan camfi. Duk da haka, ba na iya jin irin wannan suna ban tuna da hawayen uwar da ta sa shi ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matasa sun ɗauki waɗannan sunaye ƙauyanci, suna tsinto na Larabci don daɗin amo ba tare da sun tambayi ma'ana ba. Ga kuma masu datse Abdullahi ko Abdurrahman su bar Abdul kawai, alhali sun ambaci bawa sun yar da sunan Ubangijinsa. A inda kake wannan datsewa ta fi yawa, don haka ka kula.

Shawarata ita ce a rubuta Usman cikakke a takardar haihuwa da ta makaranta, a gida kuma a kira shi Shehu. Tunda ka ce ranar Alhamis ya zo, Hajiya ta riga ta fara ce masa Ɗanlami, kuma ina roƙonka kada ka hana ta. Idan ya yi wayo ka zaunar da shi ka faɗa masa dalilin kowane ɗaya daga cikin ukun.

An raba goro da dabino a masallacin unguwa, liman ya yi addu'a. Ka aiko mana da hoton yaron, Hajiya ta matsu ta gan shi. Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.