Wasiƙa ga ɗana mai shirin shiga aikin ruwa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji hankalinka ya karkata ga jagorancin ayyukan ruwa, ɓangaren injuna da lantarki. Na yi murna ƙwarai, sai dai kada ka yi gaggawar neman kujera. Fara daga ɗakin famfo, ka yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Ko takardar PMP, wato shaidar ƙwarewa a jagorancin ayyuka, sai mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar aiki kafin ya zauna jarrabawa.

Dubi matatar ruwa ta Shika da ke nan Zariya, wadda aka tsara don tace lita miliyan 150 a rana. Ruwan nan ba zai kai Tudun Wada ko Sabon Gari ba sai famfo ya juya, famfo kuwa sai da tsayayyiyar wuta.

In an damƙa maka aiki, fara yin odar kayan da ke daɗewa a hanya: transifoma, manyan famfuna, allon sarrafa wuta. Sau da yawa gini kan ƙare, a zauna jiransu wata da watanni. Ka kuma lura da girman janareta: injin famfo da aka tayar kai tsaye yana jan wuta ninki shida ko bakwai na abin da yake ci yana gudu, don haka janaretan da aka auna da ƙarfin gudu kaɗai zai durƙushe tun tashin farko. Ko dai a sa na'urar tashi sannu a hankali, ko a ƙara girman janareta. Ka dage a sa makatsin da ke tsayar da inji in layin wuta ɗaya cikin ukun da ke shigarsa ya ɗauke, in ba haka ba wayar cikin injin ta ƙone.

In ka ji famfo na ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, ruwan da ke shigarsa ne ya gaza. Kumfa ke fashewa a ciki tana cin fankar da ke tura ruwa a cikin famfon. Duba rariyar bakin bututu da zurfin ruwa, musamman da rani.

Ranar karɓar aiki ita ce nake jiye maka. Za a matsa maka saboda bikin buɗewa. Kada ka sa hannu sai an gwada kowane famfo da cikakken nauyi, an rubuta matsin ruwa, wutar da yake ja da zafin boris, an kuma miƙa zanen yadda aka gina, littafin gyara da kayan canji. Kason da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, yawanci 5 zuwa 10 cikin ɗari, kada a sakar masa duka sai wa'adin gyaran lahani ya cika, galibi wata 12. Duk sauyin da babba ya umarta da baki, nemi a rubuta maka shi kafin a taɓa ƙusa ɗaya.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Zariya