Wasiƙar Godiya ga Masu Shagon Kifin Ado da Tsirran Ruwa da ke Kusa da Taminus, Jos

Zuwa ga Alhaji mai shago da dukkan yaran da ke aiki tare da shi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, ban tsaya ga godiyar da na yi muku baki da baki ba, domin abin da kuka yi mini ya kamata mutanen Jos su ji shi, musamman waɗanda suka fara sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi kuma suke son ganin lambu mai rai a ƙarƙashin ruwan.

Bayan na yi ritaya daga aikin koyarwa, 'yata ta kawo mini akwatin kifi na gilashi mai tsawon santimita 80, wanda yake cin ruwa kimanin lita 110, don in sami abin ɗebe kewa. Tsirran da na fara sa masa a wurin wani mai talla na saye su, masu dogon ganye da ratsin fari, gwanin ban sha'awa. Ba su yi wata guda ba suka ruɓe, ruwan ya yi wari, kifaye huɗu suka mutu, abin ya dame ni ƙwarai. Sai a shagonku na gane cewa waɗannan tsirran ba na cikin ruwa ba ne tun asali, dangin dirasina ne da ake ajiyewa a falo, waɗanda saiwarsu takan jure ruwa amma ganyensu sai da iska, don haka duk wanda ya nutsar da su gaba ɗaya ya yanke musu hukuncin ruɓewa.

Ranar da na shigo shagonku, da hoto na zo a waya, na wani akwati da ƙasansa ya lulluɓe da ƙananan ganye kore shar kamar darduma, ga duwatsu uku a tsaye a tsakiya. Na ce irin wannan nake so, kuma na zo da kuɗina. Alhaji, ban manta da amsarka ba. Ka ce, "Baba, kafin in nuna maka ko ganye ɗaya, ina son ka zauna mu yi magana a kan gidanka." Aka kawo mini kujera, ka shiga tambayata: awa nawa muke samun wuta a unguwarmu, ko ina da inbata ko sola, ruwan famfo nake amfani da shi ko na rijiyar burtsatse, a wane ɓangare na ɗaki akwatin yake kuma rana tana dukansa ko a'a, wane irin kifi nake nufin sawa, sannan nawa ne lokacin da zan iya ba shi a mako. Mun kusa awa guda ba ka ambaci farashin komai ba.

Daga nan ka yi mini bayanin hoton. Salon wani mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Jafan, Takashi Amano, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015, mutumin da ya shahara da tsara akwatin kifi ya yi kama da wani yanki na daji ko bakin rafi. Ƙaramin tsiron da ya yi dardumar kuwa asalinsa daga ƙasar Kuba yake, kuma ba ya shimfiɗuwa haka sai da fitila mai ƙarfi da ke kunne a kan ƙa'ida kullum, da tukunyar iskar kabon da ake zuba wa ruwan, da taki a kai a kai. Kana da shi a shago, yana cikin mafi tsada a kayanka, ni kuma ga kuɗi a hannu, amma ka ce ba za ka sayar mini ba, domin a gidan da wuta take zuwa ta ɗauke ba tare da sallama ba, cikin makonni kaɗan zai yi rawaya, gansakuka ta hau shi, in dawo ina ganin ka cuce ni. Haka ka hana ni jajayen tsirran da idona ya tsaya a kansu, ka ce su ma ba sa riƙe launinsu sai da haske mai yawa da sinadarin ƙarfe a cikin takinsu. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina shiga kasuwa a garin nan, kuma ba kasafai mai kaya yake janye hannun mai saye daga kan abu mai tsada ya ɗora shi a kan mai araha don ya fi dacewa da shi ba.

Abin da ka fara miƙo mini shi ne Anubiyas, mai kaurin ganye kore mai duhu, ka ce wannan ɗan gida ne. Na yi mamakin jin cewa tsiron da ake nema a shagunan Turai da Asiya a rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma yake fitowa, har da kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru, inda yake manne wa duwatsu da itatuwa a cikin inuwa. Da na koma gida na bi diddigin sunansa na ilimi, barteri, sai na tarar an sa masa shi ne don tunawa da Charles Barter, wani masanin tsirrai ɗan Ingila da ya biyo ayarin binciken wani Bature mai suna Baikie zuwa kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Saboda ya saba da inuwa, ƙarancin haske ba ya damunsa, kuma yawancin kifaye ba sa iya cin ganyensa don tauri. Sai dai yana da sharaɗi ɗaya da yarinyar da ke kula da tsirranku ta maimaita mini har sau uku. Yana da wani kara mai kauri a kwance, kamar ɗanyar citta, wanda ganye da saiwa suke fitowa daga jikinsa, kuma idan aka binne wannan kara a cikin yashi ruɓewa yake yi. Ta ce, "Baba, ɗaure shi za ka yi, ba shukawa ba." Ta ɗauko baƙin zare da guntun dutse ta nuna mini, ta kwance, ta ba ni na ɗaura da hannuna, sai da ta ga na iya sannan ta bar ni. Ta kuma gargaɗe ni cewa saurin girma ba halinsa ba ne, yakan yi makonni kafin ya fitar da sabon ganye ɗaya, don haka kada in sa shi daidai ƙarƙashin fitila, gansakuka za ta riga shi.

A kan wannan ƙa'ida ta ɗaurewa kuka haɗa mini da wasu biyu, wato Bolbitis, mai yankakken ganye sirara da shi ma ɗan Afirka ne kuma yana son wurin da ruwa ke gudana, shi ya sa kuka ce in ajiye shi kusa da bakin matatar ruwa, da kuma wanda ake kira da sunan tsibirin Java, daga kudu maso gabashin Asiya. Don bayan akwatin kuka ba ni Balisneriya, mai dogon ganye kamar ciyawa, wadda take miƙa jijiya a ƙarƙashin yashi tana haifar 'ya'ya, kuma tana jure sanyi fiye da sauran. A tsakiya da gaba kuka zaɓa mini Kiriftokorin ɗan ƙasar Sirilanka, wanda ta saiwa yake ci, saboda haka kuka haɗa mini da ƙwayoyin taki da ake tura masa cikin yashi bayan 'yan watanni.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne bado. Da kuka ɗauko wani ɗan dunƙule mai jajayen ganye masu ɗigo-ɗigo kuka ce dangin badon nan ne da muka sani a tafkunan ƙasar Hausa, sai na tuna ƙuruciyata, lokacin da muke shiga tafki muna ciro shi. Ban taɓa zaton zan gan shi a falona ba. Kun ce kada in binne dunƙulen duka, in bar samansa a waje, kuma duk ganyen da ya miƙe zai hau saman ruwa in yanke shi daga tushe, idan ina son ya zauna ƙasa ya yi cunkus. Ta haka na sami jan launin da nake nema ba tare da tukunyar iska ba. Sannan kuka ƙara mini da kainuwa guda biyar kyauta, bayan kun wanke ta sarai, kuka ce saiwarta tana shanye dattin da kifi ke fitarwa kuma tana rage wa gansakuka abinci, amma in riƙa kwashe ta kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan. Ashe kainuwa dashen Allah ma tana da aiki a cikin gilashi.

Batun duwatsu bai ɗauki lokaci ba. Kuna da na ƙasashen waje a shago, amma ka ce a garin da duwatsu suka kewaye ba sai na saya ba, domin irin dutsen Jos mai tauri ba ya narkewa ya canza ruwa. Ka koya mini in ɗiga ruwan binega a kan duk dutsen da na tsinto, idan ya yi kumfa yana da farar ƙasa, in ajiye shi. Ka kuma hana ni ɗebo yashi ko tsiro daga kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfil da Bukur, saboda ba a san abin da ya kwanta a ƙasansu ba, ga ƙwan dodon koɗi da ƙwari da kan biyo ganye.

Akwai abin da na tabbata mai shago a Legas ko Kano ba lalle ya tuna da shi ba, wato sanyin garinmu. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, alhali yawancin waɗannan tsirrai sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 28. Kun ba ni hita mai wat 100 da ma'aunin zafi da ake mannawa a gilashi, kuka ce a daren da babu wuta in lulluɓe akwatin da bargo, in kuma janye shi daga jikin taga. Na bi wannan shawara duk tsawon hunturun bana, ban rasa ko tsiro ɗaya ba saboda sanyi. Fitila kuwa kun ƙayyade mini awa 6 a kullum a watan farko, daga baya a kai 8, kuma ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin kafin ya shiga akwatin. Kifi ma ba ku bari na sa ba sai da aka yi makonni biyar, lokacin da ƙwayoyin halittar da ke sarrafa dattin kifi suka zauna a cikin matatar.

Kwana goma sha biyu da shuka, na wayi gari na ga ganyen Kiriftokorin ya yi laushi yana narkewa kamar dafaffen alayyafo. Hankalina ya tashi, domin na zaci abin da ya faru a karon farko ne ya dawo, har na ɗauko hantsaki zan tuge su. Allah ya sa na fara kiran wayarka. Ka ce kada in taɓa saiwar ko kaɗan, kuma a yammacin ranar ka turo yaronka har gida, ba tare da an karɓi ko sisina ba. Ya duba ruwan, ya cire ruɓaɓɓun ganyen, ya canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, sannan ya zauna ya yi mini bayani cikin ladabi cewa a gonakin da ake renon tsirran nan yawanci ganyensu a iska yake girma, saiwar ce kawai a cikin laima, don haka idan aka nutsar da su sai tsohon ganyen ya mutu, tsiron ya sake fitar da wani wanda ya dace da zaman ruwa. Ya ce wannan tsiro ya yi suna da wannan hali, ko wuri aka sauya masa yakan yi haka, kuma muddin saiwar tana da ƙarfi zai dawo. Bayan mako uku na ga ƙananan ganye masu ruwan ƙasa sun ɓullo daga yashi. Yau su ne suka fi kowane tsiro cika a gaban akwatin, kuma da na tuge su a wannan safiya da na zubar da tsirrai masu rai.

Ina kuma yaba muku da gargaɗin da kuke yi wa kowane mai saye, cewa kada a zubar da rarar tsirran waje a kwata ko a rafin Dilimi, a shanya su su bushe tukuna. Duk wanda ya san yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana manoma da masunta sakat, ya san cewa tsiron ruwa idan ya sami wuri ba ya fita da sauƙi.

Roƙona ɗaya ne, Alhaji. Sunayen tsirran nan suna da wuyar riƙewa ga irinmu, kuma ba kowa ne zai sami awa guda ya zauna da kai kamar yadda na samu ba. Da za ku rubuta ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa a jikin kowane akwati na shagon, mai nuna ko tsiron na ɗaurewa ne ko na shukawa, da yawan hasken da yake so, da ko yana jure sanyin Jos, da kun taimaki mutane da yawa. Idan kuna bukatar wanda zai tsara rubutun, ni tsohon malamin makaranta ne, kuma zan yi muku da farin ciki.

Balisneriyar da kuka ba ni guda shida yanzu ta cika bayan akwatin har tana neman shiga wurin bado. In Allah ya yarda ranar Asabar zan ciro 'ya'yanta in kawo muku, ku ba wani mai farawa kamar yadda kuka ba ni kainuwa. A gaishe mini da yarinyar nan mai kula da tsirrai da yaron da ya zo gidana. Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya kare ku da iyalanku.

Wassalam,
Naku, abokin cinikinku,
tsohon malamin makaranta daga Unguwar Rogo, Jos.