Leda ce ke toshe mana kwatoci a Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga unguwar Yalwa a Garwa, kan sharar da ta cika mana tituna, ga damina ta kankama.

Malam Edita, duk wanda ya tsaya ya duba juji da kyau zai ga ba kayan gida ne suka yi yawa a ciki ba. Mu nan ba mu saba yar da abu mai sauran amfani ba. Tukunyar da ta huje da gwangwanin lemo, samari masu tura kura ne ke saye, su kai wa maƙera, a narkar a zubo sabuwar tukunya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tub ɗinta kuma guga ko igiyar ɗaure kaya a bayan babur. Robar ruwa kuwa, mai zoɓo da mai man gyaɗa na jiranta. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ko gwangwanin tumatir ba ta zubarwa, da shi take awon gishiri.

Baƙar leda ce ba ta da mai saye. Ita ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, yara su kwanta da zazzaɓi. Wadda ruwa ya ja kuma sai kogin Binuwai. Bara tunkiyata ta yi ta ramewa, ga dusa ga harawa, da aka yanka ta sai ga leda cunkushe a tumbinta. Har yau abin na ci mini rai.

Tun watan Afrilun 2014 dokar hana siraran ledoji ta fara aiki a Kamaru, maƙwabtanmu na Njamena ma sun hana ta a 2010. Amma je ka kasuwa ka sayi barkonon sefa hamsin, a leda za a ƙulle maka.

Ina roƙon ka ware mana fili, a gayyato masu unguwanni da shugabannin kasuwa su yi wa jama'a magana kan komawa ga kwando da jakar saƙa. A kuma kira samarin nan masu tsintar ƙarfe da roba, a ji daga bakinsu inda suke son a ba su wurin tara kaya, don yanzu a bakin titi suke jibgewa, ana korarsu kamar ɓarayi.

Na gode.

Naka mai bibiya,
daga Yalwa, Garwa