Yadda Japanawa ke jera waƙoƙinsu bisa sautin farko

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin masu karatu, musamman malaman harshe da masu nazarin waƙa, zuwa ga wata al'ada ta mutanen Japan wadda mai kallo daga nesa zai iya rainawa, alhali kuwa ita ce ta sa dubun-dubatar waƙoƙinsu suka zama abin da yaro da tsoho ke iya lalubowa ba tare da wahala ba. Al'adar ita ce jera waƙoƙi bisa sautin da sunan kowace waƙa ya fara da shi.

Tushen abin yana cikin rubutunsu. Japanawa suna amfani da alamomin kanji da suka aro daga ƙasar Sin, waɗanda gwamnati ta ware 2,136 daga cikinsu a 2010 domin amfanin yau da kullum, kuma irin waɗannan alamomi ba su da wani jeri mai sauƙi da kowa zai riƙe a ka. Saboda haka aka dogara ga kana, wato haruffa 46 da kowannensu ke wakiltar gaɓa guda, aka shirya su a jadawalin da ake kira gojuon. Ana farawa da a, i, u, e, o, sai ka, ki, ku, ke, ko, sannan layukan sa, ta, na, ha, ma, ya, ra da wa su biyo baya, harafin n kuma ya zo shi kaɗai a ƙarshe. Da wannan jeri ake tsara ƙamus da rajistar aji, shi ya sa ɗalibi mai suna Aoki yake farkon kira, Watanabe kuwa sai an kusa rufe littafi.

Na'urar karaoke, wadda ke sako kiɗa ba muryar mawaƙi domin mutum ya rera da kansa, ta fito ne daga hannun mutane fiye da ɗaya. Negishi Shigeichi ya ƙera tasa a Tokyo a 1967, Inoue Daisuke kuma ya fara ba da hayar tasa a Kobe a 1971, bai kuwa yi mata rajistar mallaka ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka soma buɗe ƙananan ɗakunan da ake haya na awa ɗaya ko biyu, inda iyali ko abokan aiki ko 'yan makaranta za su rufe ƙofa su rera abinsu. Daga 1992 kamfanoni suka fara turo kiɗa ta layin tarho, adadin waƙoƙi ya yi tashin gwauron zabo, littafin da ake ajiyewa a kan tebur domin zaɓen waƙa ya yi kaurin da sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Wani sashe nasa yana bin sunayen mawaƙa, wani kuma sunayen waƙoƙi, duka bisa jerin gojuon, ga alamar kowane layi a bakin takardu domin yatsa ya faɗa inda ake so. Mutum ya nemo waƙarsa, ya duba lambar da ke gabanta, ya danna lambar a rimot. Da kamfanin Daiichi Kosho ya fito da ɗan allon da ake taɓawa a 2002 littafin ya fara ja da baya, amma jadawalin kana ɗin nan shi ne dai ke bayyana a allon.

Jerin yana da ƙa'idojinsa waɗanda kowa ya yarda da su, kuma a nan ne ƙarfinsa yake. Sautin ga ba shi da gida na kansa, yana zaune ne tare da ka, haka za tare da sa, da tare da ta, ba da pa kuma tare da ha, domin harafi ɗaya ne ake ɗiga wa alama a kafaɗa. Waƙar da aka raɗa wa suna da Turanci ana shigar da ita ne bisa yadda bakin Bajapane zai furta sunan, ta yadda wadda ta fara da kalmar love, wato so a Turanci, za a same ta a ƙarƙashin ra, tun da harshensu bai bambanta l da r ba. Wanda ya buɗe littafin zai lura cewa shafuka ba su rabu daidai wa daida ba. Sashen a ya cika maƙil saboda kalmomin so da ruwan sama da asuba duk da shi suke farawa, sashen ki ya yi nauyi saboda kalmar da masoyi ke kiran masoyinsa da ita, nu da ru kuwa 'yan layuka ne.

Wannan rashin daidaito shi ne gishirin wasan da suke kira shiritori, wanda ake ɗaukar gaɓar ƙarshe ta kalmar abokin wasa a fara sabuwar kalma da ita: ringo, gorira, rappa, panda, haka nan har wani ya kasa. Wanda ya maimaita kalma ya faɗi, haka ma wanda ya kawo kalmar da ta ƙare da n, domin kusan babu kalmar Japananci da ke farawa da shi. A ɗakin karaoke ana yin wasan da sunayen waƙoƙi, kuma dole ka rera wadda ka ambata. Gwani shi ne wanda ke ta jefa wa abokinsa sunan da ya ƙare da ru, yana kuma da nasa guzurin na waƙoƙin ru idan aka mayar masa da martani. Ke nan wanda ya san jerin ya san inda ramukan suke. Masu kallon fina-finan Indiya sun san ɗan'uwan wannan wasa, antakshari, ɗaliban Larabci kuma sun san musajala, inda harafin ƙarshen baiti ke buɗe baiti na gaba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wasan karuta, wanda ake yi da tarin baitoci ɗari da Fujiwara no Teika ya tattara a ƙarni na 13. Ana shimfiɗa katuna hamsin tsakanin mutum biyu da ke durƙushe a tabarma, kowane kati ɗauke da rabin ƙarshe na baiti, a ba su minti 15 su haddace wuraren da suke. Mai karatu zai rero farkon baiti, su kuma su yi rige-rigen taɓa katin da ya dace. 'Yan wasa sun haddace baitocin ne rukuni-rukuni bisa sautin farko: bakwai daga ciki, masu farawa da mu, su, me, fu, sa, ho da se, ba su da abokin tarayya, don haka hannu yana tashi tun gaɓar farko ba ta gama fita daga bakin mai karatu ba, alhali goma sha shida ne ke farawa da a, dole a jira gaɓa ta biyu ko ta uku, wani lokaci har ta shida. Kowace Janairu ana gasar fitar da zakaran maza da na mata a wurin bauta na Omi Jingu da ke Otsu.

Wani zai ce waya ta raba gardama, tun da ana iya rubuta suna a nemo waƙa nan take. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin irin wannan nema yana amfanar wanda ya riga ya san abin da yake so ne kawai, jeri kuwa yana kai ido ga waƙar da aka manta da wadda ba a taɓa ji ba.

Dalilin da ya sa na kawo zancen gare ku shi ne Hausa ma gaɓa-gaɓa ake fara koyar da ita, kuma yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, ta yadda wasan shiritori zai zauna mata daram: tasa, sabulu, ludayi, yini. Waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗankwairo da Shata galibi an fi sanin su da gindin waƙa ko sunan wanda aka yi wa, sau da yawa kuma waƙa ɗaya takan amsa suna biyu. Ina ba da shawara jaridar nan ta ware wani ɗan gurbi a shafin adabi inda za a riƙa buga jerinsu bisa gaɓar farko ta gindin waƙa, gaɓa ɗaya kowane mako, masu karatu suna aiko da abin da aka tsallake. Sai dai kafin a fara, malaman Hausa na jami'o'inmu su zauna su yanke mana ko ɓa za ta zauna tare da ba, ƙa tare da ka, da kuma inda za a ajiye tsa da sha da 'ya.

Na gode.

Naka,
Wani malamin Hausa,
Zariya.