Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Injiniyan da ya tambaya ko na san amsar da nake hana ɗalibai

Malam Injiniya,

Bayan gaisuwa, da fatan ka koma gida lafiya, kuma tafin da aka yi maka ranar nan bai hana ka barci ba.

Na gama ɗan jawabina kan koyar da Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ga sababbin shiga, mai gabatarwa ya ce ko akwai tambaya, sai ka miƙe ka ce taka 'yar ƙarama ce. Uku ka ƙulla a cikinta. Ka ce Java ta tsufa. Ka ce ta yi wa mai koyo nauyi. Sannan ka gyara tsayuwa ka jefo wadda ka zo dominta: me ya sa duk ɗalibin da ya kawo mini kod ɗinsa da ya ƙi tafiya sai in ce masa "karanta mini abin da kwamfuta ta rubuta", maimakon in gyara masa ya wuce? Ko dai, in ji ka, malamin ne bai san amsar ba yake fakewa da ɗalibi? Aka yi dariya, aka ce lokaci ya ƙure, na sauko da maganata a maƙogwaro. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Biyun farko ba za su ci mana lokaci ba. Java ta fito a 1995 daga kamfanin Sun Microsystems, ƙarƙashin jagorancin James Gosling. Python ɗin da ka yi ta yi wa kirari ta fito a 1991, wato ta girmi Java da shekara huɗu. In tsufa laifi ne, ka fara da taka. Zancen nauyi kuwa na ba ka rabin gaskiya. Layin `public static void main(String[] args)` yana tsorata yaro a ranar farko, kuma masu harshen sun san da haka, shi ya sa a Java 25 da ta fito a 2025 aka yarda ƙaramin shiri ya fara da `void main()` kawai. Da kana bin labarin, da ka rage mana tambaya ɗaya.

Ta ukun ce ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan kujera gefen masu koyo, kuma a cikin waɗanda suka yi dariyar har da mutanen da na zauna da su har dare kan baka guda, irin alamar `}` ɗin nan, da ta ɓace musu. Don haka ka yi haƙuri, zan ɗan ja maganar.

Kwana kaɗan kafin taron, wata ɗalibata ta rubuta kilas, wato tsarin da ake gina abubuwa da shi a Java, mai suna `Dalibi`, da ma'ajin bayani biyu a jikinsa, `suna` da `maki`. Kwamfaila, mai duba kod ya fassara wa kwamfuta, ya karɓi kod ɗin bai ce uffan ba. Tana kunna shirin sai jan rubutu ya zubo. Ta juyo mini da laftof ta ce, "Malam, ya lalace." Na ce karanta. Ta ce ai rubutun da yawa. Na ce layin farko kawai. Ta karanto `NullPointerException`, sai bayanin da ke biye, cewa ba za a iya kiran `toUpperCase()` ba saboda `this.suna` null ne, wato ba komai a cikinsa. Na ce a wane layi? Ta bi da yatsa har inda sunan fayil ɗinta ya fara bayyana, `Dalibi.java:14`. Ta je layi na 14, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wallahi layin nan ba shi da laifi." Na ce kin yi gaskiya.

Gaskiyar kuwa ta faɗa. A layi na 14 shirin ya faɗi, amma ba a nan aka ji masa rauni ba. Na tambaye ta, wa ke da alhakin zuba suna a ma'ajin nan? Ta ce konstirakta, wato sashen kod da ke cika ma'ajin sabon abu lokacin gina shi. Ta hau sama, ta tarar da abin da hannunta ya rubuta: `suna = suna;`. Ta yi tsit kusan minti guda, ni ma na ja bakina, sannan ta dafe kai ta ce, "Au! Ashe da kansa yake magana." Sunan da aka miƙo wa konstirakta da ma'ajin da ke jikin abun laƙabinsu ɗaya, na kusa ya tare na nesa, baƙon ya zuba kansa a kansa, na gida kuma ya zauna wayam da null ɗin da Java ke bai wa duk ma'aji irinsa tun ranar haihuwa. Gyaran haruffa huɗu ne da ɗigo, `this.suna = suna;`.

To, Injiniya, na hango kuskuren nan tun tana juyo da laftof ɗin, don na gan shi ya fi a ƙirga. Da na so, da na miƙa hannu na buga mata haruffa huɗun nan cikin ƙiftawar ido, ta tafi tana cewa malam gwani ne, jibi ta dawo mini da ɗan'uwansa a wani kilas ɗin. Wannan shi ne gwanintar da kake so in nuna. Minti goma sha biyar muka ɓata, ta tashi da abu uku da ba ta shigo da su ba: layin farko yana faɗin irin matsalar, layin da ke ɗauke da sunan fayil ɗinta yana faɗin wurin, kuma in an ce abu null ne, sai a koma baya a nemi wanda ya kamata ya cika shi.

Kada ka ɗauka null ɗin nan abin kunyar yara ne. Tony Hoare, wanda ya ƙirƙiro Quicksort, sanannar dabarar jera bayanai, shi ya shigar da ita cikin harshen ALGOL W a 1965, kuma a 2009 ya tsaya gaban jama'a a Landan ya kira ta kuskurensa na dala biliyan ɗaya. Masu Java kansu sai a 2020, a fitowa ta 14 da ta 15, suka sa saƙon ya riƙa ambaton ainihin abin da yake null. Kafin nan lambar layi kawai za a ba ka, in abu biyar ne a layin ka je ka tantance da kanka. An yi wannan aikin ne don a karanta saƙon. Kai kuma kana so in koya wa yaro ya kau da kai daga gare shi ya dubi fuskata.

Tunda batun sani ka ɗauko, bari in taɓa wanda na fi ganin manya ma suna tuntuɓe da shi. Ɗalibi ya rubuta `if (amsa == "eh")`, ya gwada da kalmar da ya rubuta a cikin kod, ya yi aiki. Ya sa mutum ya buga "eh" da hannunsa, sharaɗin ya ƙi cika, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Mai gaggawa zai ce masa "sa `equals`", ya wuce. Amsar daidai ce, amma bai san me ya sa ba. Alamar `==` a kan abubuwa tambaya take ko ma'ajin biyu abu guda suke nunawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ko abin da ke cikinsu iri ɗaya ne ba. Ya yi aiki da farko ne don Java tana ajiye kalmomin da aka rubuta a cikin kod wuri guda, duk mai so ya nuna can. Abin da aka bugo daga waje kuwa sabon abu ne, ko da haruffansa sun yi daidai. Wanda aka ce wa "sa `equals`" kawai, ranar da ya kwatanta `Integer` biyu da `==` zai ga 127 da 127 sun ba shi gaskiya, 128 da 128 sun ba shi ƙarya, ya rantse kwamfutar ta haukace. Ba ta haukace ba. Java tana tanadin abu guda ga kowace lamba daga -128 zuwa 127, daga nan kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda ya fahimci na farko, na biyun ba zai ɗauke shi minti biyu ba. Ina fata wannan ya isa shaida, ko in ƙara?

Sauran kuwa gajeru ne. Baka ɗaya ta ɓace, kwamfaila ya jero kurakurai talatin, yaro ya firgita ya fara gyara daga ƙasa. Sai in ce gyara na farko ka sake gwadawa, sau da yawa sauran su bi shi su ɓace. Jeri mai gurbi 5 daga 0 yake farawa ya ƙare a 4, wanda ya rubuta `<=` a lup ɗinsa, wato kod ɗin da ke zagaya jerin, zai nemi gurbi na 5, kuma saƙon zai faɗa masa lambar da ya nema da tsawon jerin, baƙi da fari. Wanda ya ga `cannot find symbol` ya duba babban harafi da ƙarami kafin ya zargi kowa. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne marasa ƙara: 7 a raba 2 ta ba da 3 saboda duka biyun `int` ne, wato lamba marar ɓurɓushi, ko lamba ta haura 2,147,483,647 ta juyo ta zama korau ba tare da sallama ba. Nan babu jan rubutu da zai cece ka, sai ɗabi'ar tsayawa ka buga abin da ke cikin ma'aji ka gani da idonka, ko ka bi shirin taki-taki da dibaga, manhajar farautar kuskure. Ɗabi'ar nan ba ta shiga jikin wanda kullum ake miƙa wa amsa.

Kuma don kada a ce na yi rowa da komai: akwai wuraren da nake faɗa kai-tsaye. Wanda ya kira `nextInt()` sannan `nextLine()` ya ga shirin ya tsallake tambayarsa, ba na barin sa ya wahala, don babu saƙon da zai kai shi ga cewa alamar sabon layi ce ta rage a baya. Haka wanda kwamfutarsa ba ta ma san inda aka girka Java ba. Wahalar da ba ta koyar da komai zalunci ce. Sanin wacce ce wacce shi ne aikin, kuma ba a tsaye da makirfo ake koyonsa ba.

Ban so in kawo wannan ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Na ga tallar kwas ɗinka, mai cewa cikin sati biyu mutum zai zama injiniyan manhaja ba tare da ciwon kai ba. Na kuma lura kana gama tambayar ka ambaci ranar buɗe rajista. Allah ya sa albarka, neman halal ba laifi ba ne. Sai dai mai sayar da rashin ciwon kai dole ya ga laifin malamin da ke barin ɗalibi ya yi shiru minti guda gaban kuskurensa. Kuma ƙanena, in ban manta ba, akwai wani matashi da ya taɓa kawo mini `non-static method cannot be referenced from a static context`, yana so ya liƙa `static` a kan kowane metod don jan rubutun ya tafi. Na ce masa karanta. Ya yi fushi ranar, amma ya gano cewa sai an gina abu da `new` kafin a sa shi aiki. Ban ji ya ce ban san amsar ba a lokacin. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce ni da kai. Yanzu yaro yana ganin jan rubutu zai kwafe shi ya manna wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya kwaso amsa ya liƙa, bai karanta tambayar ba balle amsar. Ba na hana amfani da ita, ni ma ina yi. Amma na duba aikin wani da ya zo mini da takardar kammala kwas har biyu, na tarar ya lulluɓe rabin shirinsa da `try`, ya bar `catch` ɗin, inda ake faɗin abin yi in kuskure ya auku, fanko. Na ce me ya sa? Ya ce don kuskuren ya daina fitowa. Ya daina fitowa kam. Shirin yana karɓar bayanan mutane, yana kasa ajiye su, yana cewa an gama lafiya. Wannan yaron ba daƙiƙi ba ne, an dai koya masa cewa saƙon kuskure abin kunya ne da ake rufewa, kuma masu koya masa haka suna da takardun talla masu kyau. In ya sami aiki gobe, ba su za a kira da tsakar dare ba.

Ajina na ranar Asabar a buɗe yake. Akwai wani yaro da ya kwana biyu yana fama da `ConcurrentModificationException`, yana cire abu daga `ArrayList` alhali yana tsakiyar zagaya ta. Na san amsar, ban faɗa masa ba tukuna, don ya kusa. In ka samu dama ka zo, akwai kujera kusa da tasa. Sharaɗi ɗaya ne, hannunka ba zai taɓa madannansa ba.

Wassalam,
Yayanka, malamin Java ɗin da ka tambaya.